Motar da Ɗaki Ya Fi Ƙarfinta

Akwai wani mutum, kafinta, wanda yake bin ƙauyuka yana rufa wa mutane gidaje. Ya gaji da barin iyalinsa wata da watanni, sai ya sayi ɗaki mai taya, irin wanda mota take ja, da gado da wurin girki da tankin ruwa a ciki. Saura motar da za ta ja shi.

Ya je wurin mai sayar da motoci, ya tarar da a-kori-kura biyu. Ɗaya babba ce, mai nauyi, mai shan mai. Ɗayar ƙarama ce, fentinta sai ƙyalli yake yi, ita ce kuwa ta shiga ransa.

Da ya nuna wa mai motocin ɗakin, sai mutumin ya ce, "Malam, in an loda ɗakin nan, yaya nauyinsa?"

Kafinta ya ce, "Ban auna ba. A ɗaura mata mu gani."

Aka ɗaura. Ɗakin ba kome a ciki, filin kuma shimfiɗaɗɗe ne, motar ta ja shi ba gardama. Ya saye ta, ya tafi gida yana murna.

Ranar tafiya aka cika tanki da ruwa, aka sa buhunan masara, da kayan aikinsa, da keken ɗinkin matarsa. Ita da 'ya'yansu biyu suka shiga mota. Da suka iso wani tudu, motar ta hau da nishi, amma ta hau. Ya dubi matarsa, ya ce, "Kin gani ko?"

Sai gangara ta zo, a ƙarshenta kuwa gada ce siririya a kan kogi. Ya taka birki, motar ta ƙi rage gudu, gama ɗakin yana tura ta daga baya. Warin ƙuna ya cika motar. Da ya ga ba za su shiga gadar lafiya ba, ya karkata cikin wata gona da aka yi wa huɗa. Tayoyin suka nutse a ƙasa, suka tsaya. Ba wanda ya ji rauni.

Matar ta sauko da yaran, ta ce, "Maigida, ba za su sāke shiga motar nan da ɗakin a bayanta ba."

Kashegari kafinta ya koma wurin mai motocin, ya musanya ƙaramar motar da babbar.

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗakin shi ne rayuwarka, kayan ciki kuwa nawayar da shekaru suke ƙara maka, wato aure, da 'ya'ya, da ciwo, da tsufan iyaye. Motar ita ce abin da ka dogara da shi. Da yawa cikinmu mun zaɓi namu tun muna samari, sa'ad da ɗakin ba kome: wani ƙarfin jikinsa, wata kyanta, wani abokansa. Waɗannan suna ja a fili, har su kan hau tudu. Amma ranar gangara, sa'ad da fushi ko jaraba ko baƙin ciki suke turo ka, ba su iya riƙe ka, ba kuwa kai kaɗai ne a motar ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya auna kayansa da gaskiya tun yana fili, ya ɗaura su ga Ubangiji Yesu. Shi ba a taɓa ɗaura masa nauyin da ya ture shi ba.