Lallen da Aka Hana Barira

Ku matso ku ji abin da ya hana Tabawa sukuni.

'Yarta Barira zoɓo take sayarwa, kullum hannunta cikin ƙanƙara. Yatsunta sukan yi fari fat, su koma shuɗi, ga zogi. Tabawa ta ce sanyi ne. Ta shafa mata man zafi, ta hana ta sana'ar, ta bar ta, ta kuma hana ta, hankalinta dai bai kwanta ba.

Jajiberin Sallah suka je wajen Uwani mai ƙunshi. Uwani ta kama yatsun tana jujjuyawa, sai ta ga ɗigo-ɗigon ja a gindin farce. Ta ture kwanon lalle gefe.

"Yaya Tabawa, wannan ba abin rufewa ba ne. Ko za ki yi fushi, ban sa mata."

Tabawa ta yi fushin kuwa. Barira ta yi Sallah da farin hannu.

Gwaggo Hassu, ƙanwar mahaifin Barira, ta ji labari. Ita ta yi jinyar wata yayarsu wadda fatar hannunta ta ƙandare kamar ƙirgi, daga baya numfashi ya gagare ta. Tabawa na shirin kiran wanzami, Gwaggo ta fizge yarinyar sai asibiti. Sau biyu ana sallamarsu da maganin ciwon jiki, sau biyu tana komawa, har aka tura su wajen likitar gaɓoɓi.

Likita Rumasa'u ta ɗiga mai a gindin kowane farce, ta leƙa da madubin ƙara girma. Ta ce ƙananan hanyoyin jini sun kumbura, wasu sun fashe, alamar cutar da ke ɗaure fata har ta kai ga huhu. Ba ta riga ta yi ƙarfi ba. Da akwai lalle a wurin, in ji ta, da ba ta ga komai ba. Ta sa ta a magani, ta raba ta da ƙanƙara.

Shekara biyu ke nan, yatsun Barira na lanƙwasuwa lafiya. Ta yi aure, ga shi ta haifi mace, mijinta ya ce Tabawa ta zaɓi wadda za a yi wa takwara. Jibi suna. Tabawa ta shiga ɗaki ta fito, tuwo ya ƙone mata sau biyu.

To jama'a, Uwani, Hassu ko Rumasa'u, sunan wa ya kamata a raɗa wa jaririyar nan?