Maƙerin da Ya Riƙe Fuskar Baƙo

Akwai wani maigida da ya gaji gida mai zaure cike da maƙera. Kowannensu ankwa iri ɗaya tak ya iya ƙerawa, daidai hannun wani ɓarawo da bai taɓa gani ba. Suna zaune, suna ci, suna jira.

Wata rana da hantsi aka ce, "Gafaranku dai, masu gida." Wani dogon baƙo ne, ga rana tana dukansa amma ba shi da inuwa. Ya wuce ciki, ya zauna a ƙofar ɗakin Rifkatu, 'yar maigidan tilo. Kafin yamma jikinta ya yi zafi rau, baƙon kuwa ya zama baƙi da yawa, ya yaɗu ko'ina a gidan, duk fuska ɗaya.

Maƙera suka yi ta gwada ankwarsu, tana zamewa. Sai wani siriri da ake yi wa dariya don tasa karkatacciya ce ya matso ya sa, ta kama ƙam. Nan take maƙerin ya rabu biyu, biyun suka sake rabuwa, har zauren ya cika da masu kamarsa. Suka yi kwanaki suna ƙira, har aka ɗaure baƙin duka. Rifkatu ta tashi da ƙyar, ƙashi da rai.

Sannu a hankali maƙeran nan masu kama ɗaya suka mutu, saura ɗaya. Ya ajiye guduma, ya zuba wa ƙofa ido, ba ya ko ƙiftawa. Masu zuwa gaisuwa suka fara tsarguwa.

Maigida ya ce, "Malam, abu ya wuce. Me kake kallo haka?"

Ya ce, "Fuskarsa nake riƙewa, maigida."

Maigida ya ce, "Mu so muke mu manta." Ya kore shi. Kai, wauta!

Bayan shekaru, da hantsi, Rifkatu tana daka a tsakar gida, sai aka ce, "Gafaranku dai." Baƙon ya leƙa zaure, ya dubi wurin da maƙerin nan yake zama a da, babu kowa, ya yi murmushi. Ya ce, "Ashe wanda ya san ni ba ya nan." Ya wuce ciki. Ƙarar taɓarya ta tsaya.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Gidan jikinmu ne, baƙon cuta. Maƙeran su ne ƙwayoyin jini da likitoci ke kira ƙwayoyin B. Kowace tana yin makami iri ɗaya, mai kama cuta ɗaya. In nata ya dace sai ta hayayyafa, bayan an warke kuma wasu su zauna suna tunawa, don in cutar ta dawo a kama ta tun daga ƙofa. Aikin riga-kafi ke nan.

Allah ya ba jikinka wannan hikima, to ina ta zuciyarka? Zunubin da Ubangiji ya fisshe ka daga hannunsa, kunya ta sa kana so ka manta kamanninsa. Kada ka kori mai tunawa. Baƙon nan bai manta hanyar gidanka ba.