Majo Félix da Robar Ƙofar Firiji

Akwai wani ma'aikacin jinya mai suna Félix, da aka turo ƙaramin asibitin wani gari a yankin Dogon Dutsi, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Mutanen gari Majo suke ce masa. Ya san aikinsa, ba mai musun wannan. Aibinsa ɗaya ne: duk wanda bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko, a wurin Majo ba shi da abin faɗi.

A asibitin akwai firiji mai aiki da kananzir. Gab da damina mota ta kawo allurar rigakafin ƙyanda, wadda a can ake ce wa dussa, aka zuba a ciki, aka yi shela har rugage cewa ranar kasuwa mai zuwa a kawo yara. In maganin ya sha zafi ya lalace, ba wata motar sai ruwa ya ɗauke.

Kwana biyu sai ma'aunin zafin firijin ya fara hawa. Majo ya ƙara lagwani, ya ƙara kananzir. Firiji ya yi ta hayaƙi, sanyi kuwa shiru.

Ana haka wani tsohon maƙeri, Gado, ya zo wankin ƙuna a hannunsa. Yana zaune sai ya miƙe, ya jiƙa bayan hannunsa da ruwa, ya bi bakin ƙofar firijin a hankali, kamar yadda yake neman huji a zugazuginsa.

Ya ce, "Majo, wutarka lahiya lau take. Ƙohwar ce ba ta kama ba. Sanyi na hita ta nan ƙasa."

Majo ya yi dariya. "Baba, wannan ba maƙera ba ce. Kayan Turai ne. Kawo hannunka in ɗaure, ka tahi gida."

Gado ya miƙa hannu, aka ɗaure, ya tafi gida.

Kwana uku Majo yana fama da lagwani. A rana ta huɗu ya durƙusa ɗaukar wata kwalba da ta faɗi, sai ya ji sanyi na bugun kuncinsa daga ƙasan ƙofar. Kunya ta kama shi. Da ƙafarsa ya taka har maƙera.

Gado ya zo ba gori. Ya sa aka dafa ruwa, ya yi ta gasa robar bakin ƙofar da tsumma har ta yi laushi, ya kankare daddaɗen dattin da ya maƙale. Inda ta lotsa ya cusa siririn yankin fata a bayanta, ya shafe ta da man kaɗanya. Sannan ya saka takarda ya rufe ƙofa, ya ce Majo ya ja. Takarda ta ƙi fita.

Kafin la'asar firiji ya yi sanyi ƙalau. Amma Majo ya san abin da kwana biyar na zafi suka yi wa maganin. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ranar kasuwa mata suka cika tsakar asibitin, wasu tun daga wajen Sukukutane a ƙafa, da goyo. Da ya yi musu allurar a haka, ba wanda zai sani. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ya fito ya ce, "Ku yi haƙuri. Magani ya lalace, kuma laihina ne. An gwada mini matsalar, ni na ƙi ji."

Ta farko a layi Hasiya ce, 'yar Gado, da jaririnta. Ta gyara goyonta ta ce, "To Majo, in dussa ta shigo kahin kaka hwa?"

Majo ya sunkuyar da kai.

Darasi: Ilimin takarda ba ya hana ka sauraron mai ilimin hannu. Girman kan mutum ɗaya, sau da yawa waɗanda ba su ji ba su gani ba ne ke ɗaukar nauyinsa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya saurara tun da sauran lokaci.