Ranar da Kanari Ya Kashe Amshi

A ƙungiyar matasa mawaƙa ta unguwar babu mai murya kamar Kanari, babu kuma mai girman kai kamarsa. A bayan shagon wani tela da suke kira Malam suke atisaye, shi yake tsara musu waƙa yana taka keken ɗinki. Duk inda aka yi baje koli, a filin ƙwallo ne ko a harabar makaranta, za ka gan su kan dandamalin katako tsakanin masu takalma da masu lemo, sanye da riguna iri ɗaya da Malam ya haɗa da ragowar yadi.

Kanari ne mai bayarwa, sauran 'yan amshi. Tun ranar da 'yan mata suka fara nuna shi da yatsa, kansa ya kumbura kamar balan-balan. Atisaye sai ya ga dama. In ma ya zo, sai ya hakimce kan teburin yanka yana kaɗa ƙafa, yana kiran abokansa 'yan rakiya. Ko yayarsa da ta goya shi, wadda take cikin 'yan amshi, bai bari ba. Cewa ya yi muryarta sai ka ce ƙofar da ba a sa wa mai ba. Yaron da jiya-jiya ake share masa majina!

Ana nan sai aka ji cewa wani mai shirye-shirye daga gidan rediyo zai zo babban baje kolin shekara, zai zaɓi ƙungiya ɗaya ya ɗauki waƙarta. Kowa ya yi murna, amma shi gogan naku wani lissafin banza ya shiga. A ganinsa, in mutumin ya ji muryarsa tsantsa ba hayaniyar 'yan rakiya, shi kaɗai zai ɗauka.

Ranar baje kolin da yamma, kafin a kira su, ya zagaya bayan dandamali wurin mai na'urar sauti. Ya saya masa lemo, ya cika shi da daɗin baki, ya ce da zarar an fara ya kashe makirufon 'yan amshi duka, ya ƙure nasa. Wai umarnin Malam ne. Mai na'ura ya shanye lemonsa ya ce to.

Waƙar Rijiya suka ɗauko, wadda aka fi sanin su da ita. Waƙa ce ta tambaya da amsa: mai bayarwa ya tambaya, 'yan amshi su amsa, a tsakani shi kuma ya ja numfashi. Shekara da shekaru Kanari yana rera ta, amma da yake kansa kawai yake saurare, bai taɓa lura rabinta ne a bakinsa ba.

Ya gyara tsayuwa, ya lumshe ido, ya saki murya: “Wa ya haƙa rijiyar nan?”

Shiru. 'Yan amshi suna ta buɗe baki suna cewa mu ne da hannunmu, amma ƙarar janareta da hayaniyar kasuwa sun haɗiye su. Mutane suka fara kallon juna. Kanari ya sake tambaya, har da karkata kai. Sai wani mai gyaran keke daga can baya ya haɗa hannu a baki ya ce, “Ba kai ba!”

Ai kuwa fili ya ɗauka. Duk tambayar da ya jefa, wa ya ɗebo yashi, wa ya ja igiya, ɗaruruwan bakuna ne ke amsa masa da ba kai ba, har da tafi a kan kiɗa. Don ya rufe su sai ya shiga yin amshin da kansa. Bai kai baiti na uku ba numfashi ya ƙare, muryar da yake taƙama da ita ta tsage kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Lasifikar da ya sa aka ƙure ta kai abin har bakin titi.

Malam ya je wurin mai na'ura, ya ji yadda aka yi. Bai yi faɗa ba. Ya hau dandamali ya karɓe makirufon daga hannun Kanari, ya miƙa wa yayarsa.

“Yaya, don Allah,” in ji Kanari.

“Matsa, Auta,” ta ce. “'Yan rakiya za su yi waƙa.”

Aka kunna na kowa, suka rera ta daga farko, mutumin rediyo ya ɗauke su. Kanari kuwa ta bayan rumfar masu takalma ya sulale, yara na bin sa suna cewa ba kai ba. Babu ƙungiyar da ta sake karɓarsa. Ranar da aka sa waƙar a rediyo, yana zaune a tsakar gidansu ya ji ta tana fitowa ta tagar maƙwabta, da muryar yayarsa.

Darasin a fili yake. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda aka sa a gaba, ya sani na baya ne suke riƙe da shi. Wanda ya toshe bakin 'yan'uwansa don a ji shi shi kaɗai, za a ji shi kuwa, amma abin da za a ji ba zai yi masa daɗi ba.