Gangar Jatau a Gaban Alƙali

Ku ajiye wayoyin nan, ku matso inuwa, in ba ku labarin garinmu tun yana gari, lokacin da gulbi ke cika har gindin tsamiyar kasuwa.

A wancan zamani muna da makaɗi, Jatau, wanda ya gaji gangar ruwa daga kakansa. Aikinta ɗaya ne: idan ambaliya ta taso, a kaɗa ta, kowa ya gudu tudu. Kai, ina kewar muryar gangar nan! Tun daga fadama kake jin ta a ƙirjinka.

Shekarar da aka kawo mana dokar zaman lafiyar gari a rubuce, an karanta ta a bakin kasuwa. Muka ji su "taro ba izini", "husuma a bainar jama'a", "tayar da hankalin jama'a", muka gyaɗa kai kamar mun gane, kowa ya koma cinikinsa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Jatau yana jiƙa fata a bakin gulbi, sai ya hango jan ruwa ya taso daga gabas. Ya kaɗa ganga. Kasuwa ta watse, aka tattake tukwane, awaki suka tsinke. Amma ruwan ya fasa wata gaɓa can sama, ya malale cikin fadama, bai iso gari ba. Da mutane suka leƙo, gulbi lafiya lau. Sabon ɗan doka, baƙo ne bai san al'adarmu ba, ya kama Jatau da laifin tayar da hankalin jama'a. Hukuncin kuwa ɗauri ne, sannan a fasa gangar.

Jatau mutum ne marar kwana-kwana. Ya ce idan alƙali ya tambaye shi, zai ce ya aikata, tunda ai shi ya kaɗa. Sai ga Malam Cindo, tsohon magatakardan kotu da idonsa ya mutu amma ya haddace dokar, ya lalubo hanya da sanda har inda ake tsare da shi.

"Jatau, kada ka kuskura," in ji shi. "Doka ba ta ce duk wanda ya firgita jama'a ba. Cewa ta yi wanda ya firgita su ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba. Ka ce ka kaɗa, amma kana da uzuri."

Da ba don shi ba, da shari'a ta ƙare tun kafin a fara ta.

To, uzuri sai da shaida, kuma ba wanda ya ga ruwan sai wani masunci ɗan ci-rani da ya riga ya gangara kudu. Alƙali ya ba da kwana huɗu. Arzika mai fito, abokin Jatau tun suna yara, ya bar mashigarsa, ya tuƙa kwalekwale yana tambaya zango-zango, har tafin hannunsa ya ɗaye. Ranar ta huɗu, alƙali na shirin tashi, ya shigo da masuncin, wanda ya rantse ya ga ruwan da idonsa. Da Arzika bai je ba, da maganar Malam Cindo ta tashi a banza.

Saura abu guda. Dokar ta ce ko da uzuri, idan an yi ɓarnar dukiya, sai an ƙwace abin da aka yi hayaniyar da shi, sai fa in mai dukiyar ya yafe. Tukwanen da aka tattake kuwa na Ige ne, gwauruwa mai ginin tukwane, aikinta na rani guda cur. Kowa ya san Ige da faɗa, ko kaza ta taka mata yumɓu sai unguwa ta ji. Ta miƙe tana huci, muka ce shi ke nan.

"Allah ya gafarta Malam, na yafe," in ji ta. "Gangar nan ce ta fitar da uwata daga ruwa tana goye da ni. Tukunya kuwa, yumɓu bai ƙare ba."

Aka sallami Jatau, ya rungume gangarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

A gidansu akwai wani take, taken mai ceto, wanda makaɗi ke kaɗa wa mutum ɗaya tak a rayuwarsa. Jatau ya ɗauki makaɗin gangar ya ajiye ya fi a ƙirga, ya kasa zaɓa tsakanin mutum ukun da suka cece shi. Har ya rasu bai kaɗa shi ba, kuma wannan abin yana yi mini ciwo har yau. Su ukun duk sun riga mu gidan gaskiya. Gangar tana nan rataye a zauren jikansa, wanda ya ce mini in gari ya yanke magana, zai kaɗa taken a ƙofar gidan wanda aka zaɓa.

To, ku da kuka yi karatun zamani, ku raba mana gardamar da ta gagari iyayenku: Malam Cindo, ko Arzika, ko Ige, ƙofar gidan wa za a kai gangar?