Sarkin da Ya Bar Rabin Fuskarsa Wajen Matarsa

Dalilin da ya sa sarakunan Masar da aka sassaƙa a jikin dutse suke kallon gefe, ƙirji kuwa yana fuskantar mutane, ku matso ku ji, yara.

Da can ba haka ake sassaƙa su ba. Fuska a gaba ake yi, ido biyu zuru-zuru, ba fara'a ko kaɗan. To, sai aka yi wani saurayin sarki, sabon ango, ya kira masassaƙinsa Nebra ya ce a fito masa da siffarsa a bangon fada. A ƙasar nan kuwa doka ce, ba mai ba sarki umarni. Ko "juyo" ka ce masa, an kore ka daga gari ke nan.

Sarki ya zauna, ya gyara kafaɗu. Nebra ya ɗauki guduma. Sai ga amaryar sarki, Tamit, ta zo ta zauna a gefe tana cin dabino, ta murguɗa wa sarki baki. Sarki ya juya ya tuntsire da dariya. Nebra ya jira. Ta kwaikwayi tafiyar waziri, sarki ya sake juyawa. Kullum haka, wuyan nan ya ƙi dawowa.

Tsoro ya kama Nebra. Ya yi tari, ya yi gyaran murya, duk a banza. Da ya gaji, sai ya sassaƙa abin da idonsa ya gani.

Ranar da aka yaye mayafin bangon, waziri ya dafe kai.

"Ranka ya daɗe, ya cinye maka rabin fuska! A kore shi!"

Nebra ya faɗi ya gurfana. Sarki ya daɗe yana duban dutsen.

"Nebra, ina ɗaya rabin?"

"Allah ya ja zamaninka, ni ma ban taɓa ganinsa ba. Yana wajen sarauniya."

Tamit ta rufe fuska da tafin hannu. Sarki ya yi dariya har da hawaye.

"Gaskiyarka! A bar shi a wajenta. Sai dai ka sassaƙa ta a gabana, kada jikoki su ce bango nake wa murmushi."

Aka yi ta kiɗa, Nebra ya koma gida da sabuwar riga, yana rawa a hanya. Sarakunan da suka biyo baya kowa ya ce shi ma irin wannan yake so.

Shi ya sa har yau, in ka tsaya gaban duwatsun nan, sarkin ba zai dube ka ba. Kada ka ji haushi, hankalinsa yana wajen matarsa.