Warƙa Ɗaya Daga Wasiƙar Madugu

An ruwaito a tsofaffin littattafai, na zamanin da ba a ɗinke takardu, cewa a Birnin Rimaye an yi wani madugu, Namadi, wanda suka tashi gida ɗaya da Sarki. Wata rana wani mahassadi ya zare warƙa ɗaya daga wasiƙar da Namadi ke rubuta wa ƙanensa, ya kai fada. Layinta na ƙarshe ya ce: "Wallahi ba na fatan in sake ganin fuskar Sarki."

Sarki ya hasala, ya hana Namadi buɗe baki, ya ce ya bar garin kafin Juma'a. Namadi ya durƙusa, zuciyarsa ta karye, don a garin aka binne cibiyarsa.

Tsohon Waziri Ladan ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba ni izinin labari. Wani mutum ya leƙa ta hudar zana, ya ga wuƙa a maƙogwaron maƙwabcinsa. Ya kwarma ihu, unguwa ta taru da sanduna. Da aka yaye zanar, sai ga wanzami yana gyaran gemu."

Sarki ya ce, "Wannan ai rubutun hannunsa ne, Waziri."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma dubi gindin warƙar. Marubuta kan saƙala kalmar farko ta warƙa mai zuwa a nan, don kada takardu su rikice. Ga kalmar nan: 'cikin'. Maganar ba ta ƙare ba."

Aka ɗauko gafakar Namadi, aka sami warƙar da ta fara da wannan kalma. Waziri ya haɗa su ya karanta: "Wallahi ba na fatan in sake ganin fuskar Sarki cikin hawaye, kamar ranar da muka binne Inna, wadda ta ciyar da mu a akushi ɗaya."

Sarki ya sauko daga karaga, ya kama hannun Namadi, ya tashe shi tsaye. Daga baya ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, mahassadi kuwa aka nuna masa ƙofar gari.

Allah sarki, ina kewar dattawan da ke tambayar abin da ya gabaci magana da abin da ya biyo ta. Yau rabin zance ya ishe mu raba zumuncin shekara sittin.